Bakabe, dodon Turawa yana jiran homarka

Bakabe bawana, na samo maka aiki a Sikotland, tunda kullum cika baki kake yi cewa babu abin da ke cikin ruwa da ya gagari homarku. Akwai wani tafki a can mai suna Loch Ness, tsawonsa kimanin kilomita 36, zurfinsa a wani wurin ya kai mita 230, ruwan baƙi ƙirin ga sanyi. Turawa sun ce da dodo a ciki, mai dogon wuya da tozo, har sun raɗa masa suna Nessie. Yau sama da shekara 90 suna nemansa.

Surutun ya tashi ne a 1933, da jaridar Inverness Courier ta buga cewa wata mata da mijinta sun hango wani ƙaton abu yana birgima a ruwan. Daga ranar kowa ya zama mai gani. Jaridar Daily Mail ta ɗauko wani mafarauci, Marmaduke Wetherell, ta ce ya je ya duba. Bai daɗe ba ya ce ga sawun dodo a bakin gaɓa. Aka ɗauki samfurin sawun aka kai gidan tarihin halittu na Landan, masana suka duba suka ce dorina ce. Ba ma dorina mai rai ba, busasshiyar ƙafa ce guda ɗaya, irin wadda Turawa ke ƙawata ɗaki da ita, wani ya bi laka yana dangwalawa. Dorina a Sikotland! Da a Yawuri aka kai sawun nan, yaron da ke kwashe ruwa a kwalekwale ma zai gaya musu, ba sai an biya kuɗin jirgin ƙasa ba.

Mafarauci ya sha dariya, ya ƙullaci jaridar. A 1934 sai ga hoton da duniya ta sani, wuya da ɗan kai sun leƙo daga ruwa, an ce wani likita, Robert Wilson, ya ɗauka. Wa zai ƙaryata likita? Aka yi ta bugawa shekara 60. Sai a 1994 asiri ya tonu: jirgin wasan yara ne mai nutso, agolan Wetherell, Christian Spurling, ya ƙera masa kai da wuya ya liƙa, likitan kuwa sunansa kawai aka ara. A shekarar nan ta 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, kuka faɗa kogin Matan Fada kuka fito da kifin da ake iya soyawa. Riƙe wannan yabon da kyau, shi ke nan rabonka daga bakina bana.

Duk da haka ba su haƙura ba. A 1987 suka jera jiragen ruwa sama da 20 da na'urar da ke lalube da sauti, suka tace tafkin, ba su fito da ko ƙashi ba. A 2018 Farfesa Neil Gemmell na Jami'ar Otago a New Zealand ya ɗebi ruwan wuri-wuri, ya binciki ƙwayoyin halittar da kowane mai rai ke zubarwa a ciki. Bai ga alamar dangin kada ko ƙadangare ba, sai dai tarin alamun wani dogon kifi mai kama da maciji. Kuma tsohuwar dabbar da suke cewa ita ce dodon ta ƙare a duniya tun shekara miliyan 66, alhali tafkin kansa ƙanƙara ce zalla har zuwa kimanin shekara 10,000 da suka wuce.

Ni dai na gano bakin zaren, don na zauna da ku. Mutanen Drumnadrochit, ƙauyen da ke bakin tafkin, ba sa so a kama dodon, ba sa kuma so a ce babu shi, saboda baƙi na zuwa da kyamara su kwana a otal, su hau jirgi, su sayi 'yar tsanarsa. Dabararku ce sak. Kun cika mu da labarin 'yan ruwa masu jan ƙafa da gurbin da ba ya shiguwa sai da izinin Sarkin Ruwa, don Bakatsine irina ya tsaya a tudu ya sayi giwan ruwa yadda kuka yanka farashi. Mu namu Dodon a tatsuniya yake, kaka ta gama ta ce ƙurunƙus, kowa ya kwanta, ba a karɓi ko sisi ba.

To ka ɗaure gorarka ka tafi, amma ka sa rigar sanyi, kada Turawa su hango ka kana makyarkyata a ruwa su ɗauki hoto su ce dodo ya bayyana. Kafin ka tashi ka aiko min da kuɗin sharata na bana da na bara, ka haɗo da bandar kifi, ban da ƙanana.