Ƙunshin "Allah Ya Yi Albarka"

Duk macen da ke son sanin yawan danginta a Zurmi, ta koyi ƙunshi, ta jira jajibirin Sallah. Da can na ɗauka mu ƙaramin gida ne. Ashe ina da ƙanne a Moriki, da 'ya'yan yayyen uwa a Dauran, da wata tsohuwa da ta rantse ita ta yanke mini cibi. Kowacce ta zo da hannu biyu da ƙafa biyu, babu wadda ta zo da jaka.

A Kaura Namoda na koyi aikin, wajen wata Babarbariya da mijinta ke aiki a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Matar nan ba ta ɓoye mini komai ba. Ta nuna mini yadda ake tankaɗe garin lalle da ƙyalle mai laushi har ya zama babu tsakuwa ko ɗaya, a kwaɓa da ruwan lemun tsami da ɗan sukari da muhallabiya, a rufe a bar shi ya tsima. Ta koya mini manna salatif a bayan faranti, a bi shi da sabuwar reza ana fitar da ganye da fulawa, sannan a ɗauko a jera a ƙafa ba tare da ya karkace ba. Abu ɗaya ne ba mu taɓa zama a kansa ba: yadda mace za ta buɗe baki ta ce wa gwaggonta "naira kaza ne" ba tare da ƙasa ta tsage ba.

Na dawo gida da ɗoki, na ƙunsa wa ƙanwata, na ɗauki hotuna na zuba a WhatsApp ina jiran amaren Zamfara su yi layi. Sai ga Satumban 2021. Aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi ta ranar Alhamis inda ake yi mini saƙon lalle. Tallata ta mutu a cikin waya. Waɗanda suka san ina ƙunshi su ne waɗanda za su iya takowa har ɗakina ba sallama, wato dangi.

In an gama, an ɓare, mace ta juya hannu ta ce, "Kai, ya yi kyau! Nawa ne?" Ni kuma sai in sunkuyar da kai in ce, "Haba, ki ba da abin da ya sauwaƙa." Abin da ya sauwaƙa a garinmu kuwa yana da faɗi. An ba ni dawo. An ba ni ƙullin daddawa. Wata ta ba ni kwalbar man ƙuli, kashegari ta aiko yaro a mayar mata da kwalbarta. Mafi yawa dai addu'a ce, doguwa, mai haɗe da fatan 'ya'ya masu albarka, kuma ina amsawa da amin har zuciya, sai dai mai shagon salatif bai taɓa karɓar ta a madadin kuɗi ba. Farkon 2023, da aka canza fasalin naira takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, sai aka samu sabon salo: "Na tura miki, ki duba." Akwai alat ɗin da nake dubawa har gobe.

Ƙanena mai sana'ar POS ne ya gaji da ganina ina aron kuɗin mota. Ya zaunar da ni da biro da bayan kwalin sabulu. Lalle nawa? Salatif, reza, leda, auduga, muhallabiya? Kuɗin mota zuwa Kaura da dawowa, wanda tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 bai sake sauka ba, ga hanyar da ba a hawa sai da addu'a? Sai ya tambayi abin da ban taɓa sa wa a lissafi ba: tun yaushe nake duƙe a kan ƙafar amarya? Ƙunshin salatif na hannu da ƙafa yakan cinye rabin yini, ban da daren da aka yi ana yankan zane. Ya buga, ya sake bugawa, ya ɗago ya ce, "Yaya, wannan ai ba sana'a ba ce. Ke ce kike biyan mutane naira 200 kowacce don su yarda ki yi musu kwalliya."

Wahalar ba ta tsaya a kuɗi ba. Lalle yana kama fatar sama ce kawai, kuma yana son lokaci. Iyayenmu da suke zura hannu a zunguru su kwana da shi sun san abin da suke yi. In an ɓare, launin yakan fito da haske, sai ya yi kwana ɗaya ko biyu yana shan iska kafin ya nuna sosai. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi kamawa saboda kaurin fatarsu. A wannan tsakanin ba ya son ruwa, ba ya son omo, abin da yake so a kankare shi a bushe, a shafa man kaɗanya ko na zaitun. Wadda ta kiyaye za ta yi mako biyu ko fiye tana nuna hannu a biki.

Duk wannan na karanta wa Gwaggo ranar da na yi mata ƙunshi, tana gyaɗa kai. Ko awa ɗaya ba a yi ba ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ta tsige ledar, ta wanke da sabulu, ta surfa gero, ta jiƙa kayan jikoki a omo. Da sassafe sai ga ta, hannu kamar an goga masa dafaffiyar kabewa.

"Ke ɗiyag ga, mi kika yi mini haka? Lallenki na jabu ne!"

"Gwaggo, ai na ce kada ki taɓa ruwa."

"To wa za shi yi mini wankin? Ke?"

Ta zauna ta miƙe ƙafa, a sake. Ta kuma ce in rage mata wani abu saboda ɓata mata lokaci. Na rasa daga ina zan rage, tunda na farkon ma da albarka ta biya.

Sai maganar baƙin lalle. 'Yan mata sun fi son sa, don nan da nan yake kamawa, ba kwana da leda. Amma baƙin nan ba daga ganyen lalle yake ba, dayis ne, irin rinin gashi mai sinadarin PPD, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kan shafa shi a fata. Ni da na ga kasuwa tana wuce ni, na sayo, na zana wa kaina fulawa tun daga yatsa har gwiwar hannu don in tafi biki hannuna ya yi mini talla. Tallar kuwa ta yi. Kafin ranar ɗaurin aure zanen ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa, fulawa ta fito ruɗu-ruɗu, kowane ganye a wurinsa, ga ƙaiƙayi. A wajen kamu wata baƙuwa daga Jibiya ta kama hannuna ta ce, "Sannu baiwar Allah. Wace muguwar ce ta yi miki? Faɗa mini sunanta in gargaɗi 'yan'uwana." Na ce mata 'yar Gusau ce, ta ma bar gari.

A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa lalle cikin jerin al'adun gado na duniya, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, har da Sudan. Na kai wa Gwaggo labari da murna, ko za ta ga darajar abin da nake yi mata. Ta ce, "Madalla. Sai su riƙa biyan ki."

Yanzu akwai kwali a ƙofar ɗakina, da rubutun ƙanena, don in an yi ƙorafi in ce shi ne. Hannu da kuɗinsa, ƙafa da kuɗinta, na amarya daban kuma sai an ba da rabi kafin in jiƙa lalle. Zuwa gida akwai kuɗin mashin. Dayis babu. Gyaran wanda aka wanke da omo, cikakken kuɗi ne. Mai niyyar zuwa a Sallar nan, don Allah ta gama wankinta da surfenta tun a gida, ta zo da man kaɗanyarta, kuma in tura kuɗi za ta yi, ta zauna mu ga alat tare.