Yarjejeniyar Manomi da Ƙwaron Wake

A ƙasar Kazaure, Roni da Gwiwa, har zuwa Babura, akwai wata tsohuwar yarjejeniya da ba a taɓa rubutawa ba tsakanin manomin wake da ƙwaron wake, wadda a ƙarƙashinta manomi ke shuka, ya roro, ya sussuke, ya ɗinke buhu, shi kuwa ƙwaro ya kwashi kasonsa kafin bazara ba tare da ya taɓa riƙe fartanya ba. Idan aka kwance buhu aka tarar wake ya zama gari, masanan bakin kasuwa sukan danganta lamarin ga bakin mutane, musamman maƙwabcin da ya yaba gonar fiye da kima, sannan baɗi a maimaita komai yadda aka yi bana.

A 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗa buhun PICS, wato buhu mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ke toshe iska har ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Sharaɗinsa kaɗan ne: a ɗaure bakin kowace leda daban, a ƙyale shi.

A nan gizo ke saƙar. Magidanci mai kula yakan kwance buhun duk Juma'a domin ya tabbatar ƙwaron ya mutu, kuma da haka yake ba shi guzurin iskar mako guda.

A gidan da wake ya kai damina lafiya, buhun yana ɗakin uwargida, makullin kuma yana bakin zanenta.