Yajin da uwargida ta yi ba da saninta ba

A unguwarmu ni ake kawo wa wasiƙar banki da takardar asibiti in fassara, har wasu dattawa na kirana Baturen layi. Saboda haka da na sauka a wani gari na arewacin Ingila a kakar 2019 don karatun digiri na uku, aka miƙo min fom a ofishin kula da walwalar ɗalibai, ko gezau ban yi ba.

Wurin tambayar aure akwai akwatuna biyar: "single", "married", "separated", "divorced", "widowed". Na farko na tuzurai da 'yan mata ne, na huɗu na waɗanda saki ya shiga tsakaninsu, na ƙarshe na waɗanda mutuwa ta raba. Saura biyu. "Married" kam ni ne, shaidu sun shaida, an ci goro da alewa. Amma a sanina Bature yana son a faɗa masa halin da ake ciki a yau ɗin nan, kuma halin da ake ciki shi ne uwargida tana Kano da yara, ni ina nan, ga Sahara ga Bahar Rum a tsakani. Kalmar "separate" kuwa tsohuwar sani ce. A firamare ita malam ke faɗa wa monita in yara sun kaure da dambe. A sakandare da ita muke raba gishiri da yashi a ɗakin gwaje-gwaje, kuma ban taɓa jin gishiri ya kai ƙarar yashi gaban alƙali ba. Na danna biro a akwati na uku, na miƙa, na tafi neman shagon da ake sayar da barkono.

Ba a jima ba aka gayyace ni ganawa. Wata dattijuwa ce mai furfura da tabarau. Ta zaunar da ni a kujera mai laushi, ta haɗa min shayi, ta turo kwalin tishu gabana. Na ɗauka don sanyi ne, tunda tun zuwana hancina ke yoyo. Na zari ɗaya na fyace. Ta gyaɗa kai cike da tausayi.

Ta tambaya yaushe muka rabu. Na ce watan jiya. Ta ce lallai abin ɗanye ne. Ta tambaya shawarar wa ce. Na ce ai dangin ɓangare biyu duk sun amince, mahaifinta ma shi ya fi kowa zuga ni, kuma motoci cike aka raka ni filin jirgin Malam Aminu Kano, aka yi addu'a, surukata ta haɗa min dambun nama. Matar ta ajiye biro ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce a tsawon aikinta ba ta taɓa jin dangin da suka nuna wayewa irin haka ba. Na ji daɗi ƙwarai, na ce mu ai haka al'adarmu take.

"Kana samun ganin yara?"

"In sabis ya yi kyau."

"Kuna da niyyar komawa tare?"

"In Allah ya yarda, nan da shekara uku. Mahaifinta ya ce kar in sake in dawo ba takarda a hannu."

Ta rubuta wannan ma. Daga nan ta tambaya ko ina da wanda ke ɗebe min kewa. Ina da shi mana. Wani Bazazzagi ne da muke haya gida ɗaya, muna karo-karo mu sayi buhun shinkafa da jarkar mai, yau shi ya dafa gobe ni. A ɗakin gwaje-gwajen nan dai, wanda kuke raba kwalba ɗaya da shi sunansa "partner". Sai na ce mata ina da "partner", tukunyarmu ɗaya, "we are together". Kalmar ba ta nuna mace ko namiji, kuma Turawan yau da ita suke kiran wanda suke zaman soyayya da shi, da aure ko babu. Dattijuwa ta ɗan ɗaga gira, ta ce ba laifi, kowa da saurin warkewarsa.

Washegari saƙo ya shigo imel ɗina, taƙaitaccen bayanin ganawarmu da tambarin makaranta a sama, haɗe da wata takarda mai hoton hannaye biyu suna musabaha. Ban karanta ba, tambarin kawai na gani ya burge ni. Na ɗauki hotonsa na tura zauren WhatsApp na dangi, na rubuta a ƙasa: "Ku ga yadda ake kula da mu a nan."

A zauren akwai ƙanin uwargida, ɗalibin lauya, abokin wasana da ya daɗe yana neman inda zai kama ni. Shi ya karanta wa surukata Hajiya takardar, layi-layi, ba ragi sai ƙari. Ɗalibi ya rabu da matarsa kwanan nan. Dangi sun goyi bayan rabuwar. Yana zaune da sabuwar abokiyar zama, kuma ga alama ya samu natsuwa. Hannayen nan masu musabaha kuwa tallar masu sasanta ma'aurata ce kan rabon yara da dukiya.

Wayata ta fara ruri ana gab da magariba, wadda a garin nan take faɗawa tun kafin mutum ya gama narkar da abincin rana. Uwargida ce. Ba ta taɓa kirana "Malam" ba sai ranar, nan na san ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

"Malam, ashe yaji na yi ban sani ba? Ina zaune a ɗakina ina wanke wa 'ya'yanka yunifom?"

Ta fi ni gane kalmar, ita da ba ta taɓa fassara wa kowa wasiƙar banki ba. "Separated" a bakin Bature yaji ne mai lasisi: igiya tana nan, amma kowa ya kama gabansa. Kuma lauyan gida bai tsaya nan ba. Ya bayyana musu cewa a dokar Ingila ta lokacin, wadda ta samo asali daga 1973, ma'auratan da suka yi shekara biyu a rabe za su iya neman kotu ta kashe auren. Ya manta, ko ya mantar da kansa, cewa sai in dukansu sun yarda, in ba haka ba sai shekara biyar. Sai a Afrilun 2022 aka sauya wannan doka. Uwargida ta yi lissafi: karatu shekara uku ne, wato tun kafin in kare kundina ta zama bazawara da shekara guda.

Aka miƙa wa Hajiya waya. Na durƙusa a kan kafet, duk da ba ta ganina.

"Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, wallahi namiji ne. Bazazzagi ne, har da gemu."

"To shi Baturen bai san gemu ba ne da zai rubuta abokiyar zama?"

Dole na taso Bazazzagi daga barci, na kunna bidiyo, na tsayar da shi gaban kyamara da tukunyar shinkafa a hannu a matsayin shaida. Ya gaida Hajiya da ladabi, sannan ya koma gefe yana dariya har da riƙe ciki. Shi adabin Turanci yake karanta, don haka maimakon jaje sai lacca. Wai in gode Allah ban haɗu da "cleave" ba, wadda take nufin a tsaga abu biyu, take kuma nufin a manne wa abu, domin kalmomi biyu ne na tsohon Turanci suka narke suka zama ɗaya. Wai "a part" na nufin kana cikin abu, amma da ka matse tazarar ta zama "apart" ka fita daga ciki. Na ce masa harshen da sai an buɗe tazara ake haɗuwa, a rufe ta a rabu, ba harshen da za a ɗaura aure da shi ba ne.

Ƙasar ma a lokacin yaji take yi. Tun 2016 suka yi ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, kashi 52 suka ce a tafi, 48 suka ce a zauna, kuma jaridu na kiran kuɗin da za su biya "divorce bill", kuɗin saki. Sai ƙarshen Janairun 2020 suka kwashe kaya, bayan zaman shekara 47. Mutanen da sunan ƙasarsu ya fara da "United", ƙungiyoyin ƙwallonsu ma daga Mancesta har Nukasil duk "United". Ba mamaki dattijuwa ta tanadi tishu kwali-kwali.

Na koma ofishin in gyara fom. Na ce mata a goge akwati na uku a sa na biyu. Fuskarta ta washe, ta miƙe tsaye ta ce, "You are back together!" Wato mun koma. Na fara bayanin cewa ba mu taɓa rabuwa ba, nisa ne kawai, abin da suke kira "long-distance". Ta ce haka kowa ke ji bayan sulhu. Sannan ta sassauta murya ta tambaya yaya "partner" ɗina ya ɗauki labarin. Na ce yana gida yana dafa shinkafa, ya ce a gaishe ta.

A Kano kuwa Hajiya ta yanke hukunci cewa tunda har takarda mai tambari ta ce an yi yaji, to an yi, kuma yaji ba ya ƙarewa sai da biko. Aka tsayar da turmin atamfa biyu da turare. Lauya ya ce shi ma a sa masa takalmi lamba 43, ladan fassara.