Aljani Ba Ya Neman Fasfo

An rufe bodar Illela a watan Agustan 2019, aka sake garƙame ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Tireloli suka yi jerin gwano, shinkafa ta koma bin daji. Haja ɗaya ce kwastan bai taɓa tarewa ba: labarin aljani. Da hantsi zai taso daga Ƙonni siriri, kafin la'asar ya iso kasuwar Illela ya yi ƙiba, har da shaidun gani da ido.

Manyan dillalansa samari ne. Wanda ba ya iya zagayawa bayi da dare sai ƙanensa ya riƙe masa tocila, shi ne kan gaba a shagon masu tura fim a waya, yana cewa a zaɓo masa wanda ya fi ban tsoro.

Ba su suka fara ba. A 1971 William Peter Blatty ya wallafa littafin The Exorcist, labarin Regan, 'yar shekara 12 da shaiɗani ya shiga jikinta. Da aka mai da shi fim a 1973, 'yan kallo a Amurka suka riƙa suma a sinima, na waje kuma suna layi cikin sanyi don su ma su shiga su suma. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar biyu.

Nuna wa dattijon Illela shi, sai ya taɓe baki: "Wanga shi na abin tsoro? Aljani guda tal?" Yana da hujja. Iskokin bori gari guda gare su, Jangare, da sarki da fadawa. Akwai Ɗan Galadima mai ado da caca, Malam Alhaji mai tari da carbi, ga Kuturu, ga Inna. A tsakiyar shekarun 1990 kuma wata aljana mai suna Sumbuka ta tayar da hankalin makarantun 'yan mata a Kano, kasuwar masu ruƙiyya ta buɗe.

Sannan aljanin Amurka ba shi da lissafi. Ya murɗe wuya, ya yi koren amai, bai nemi ko sisi ba. Na gida kuwa ya san kalanda: yakan tashi ana jibi jarrabawa, ko ranar da aka kai lefen kishiya. Da malam ya tambaye shi abin da yake so, sai ya lissafo atamfa, farfesun kaza da sabuwar waya. Maigidan da ya shekara yana cewa babu, nan take zai laluba aljihu.

Masu ciwon gaske ne ke kwana ciki. A fim ɗin Indiya Bhool Bhulaiyaa na 2007, likita ne ya gano cewa fatalwar taɓin ƙwaƙwalwa ce. A nan kuwa, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware yana kan hanyar Sakkwato, amma sai a ɗauko mai farfaɗiya a wuce ta ƙofarsa, a nufi gidan mai hayaƙi.

Daren jiya ma an yi kallo a wata majalisa, mutum takwas kan waya ɗaya. Ana tsakiyar ihun Regan wata akuya ta yi atishawa a bayan katanga. Har yanzu takalma biyar na nan ba a zo nema ba.