Masu Buɗe Inji a Tsakar Gida

Unguwar Akodesewa tana dab da tashar jiragen ruwan Lome, inda ake sauke tsofaffin motocin Turai. Wasu su wuce Nijar, Burkina Faso da Mali, wasu a farke su a sayar gunduwa-gunduwa. Inda kayan gyara suka yi yawa haka, duk mai sifana biyu sai ya ɗauki kansa bakanike. Aikin da ke tona musu asiri shi ne canjin kusinen kamshaf, wato zoben ƙarfe mai laushi da sandar nan mai buɗe bawul take juyawa a cikinsa. Ga su nan iri-iri.

Na farko Mai Guduma. A wurinsa duk abin da ya ƙi shiga taurin kai ne. Shi kuwa kusine da ƙarfen turawa na musamman ake zura shi sannu a hankali, kuma 'yar hudar da ke jikinsa dole ta zo daidai da hanyar baƙin mai. Mai Guduma bai san da hudar ba. Ya buga, ya tashi inji, sanda ta yi ta gudu a bushe har ta cije. Sai ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

Na biyu Almajirin YouTube. Waya a hagu, sifana a dama. Baturen da yake kallo yana da gareji mai tsabta kamar ɗakin amarya, shi kuwa a kan tabarma yake, iska na kwaso yashin bakin teku tana zuba wa injin. Ana zuwa wurin saita tayimin sai data ta ƙare. Da ma a nan ne zai ji cewa kamshaf juyi ɗaya take yi idan karanshaf ta yi biyu, kuma kuskuren haƙori kaɗan na iya sa fistin ya daki bawul.

Na uku Mai Rara. Murafan da ke danne sandar kowanne da lambarsa da kibiyarsa, inda aka cire shi nan zai koma. Shi duk a kwano ɗaya ya tara su. In ya gama haɗawa noti uku suka ragu, sai ya ce Bature ne ya cika ɓarna.

Na huɗu Dillali. Kullum yana da yaro a tashar jirgi. "Alhaji, kawo sefa, na Faransa zan samo maka." Kwana da kwanaki ana nema, ashe Corolla ɗin Alhaji ba ta da kusinen kamshaf da ake cirewa: a cikin alminiyon kan injin sandar ke juyawa kai tsaye. Kuɗin zemijan, wato acaba, dai ya ci.

Na biyar Mai Zargin Sammu. Da yake babbar kasuwar bokaye tana unguwar, da inji ya fara ƙwanƙwasa sai ya tuna maƙwabcin da ya yaba motar bai ce tubarkalla ba. Tambaye shi rabonsa da juyen mai, sai ya duba sama.

Na shida 'Yan Benci. Ba sa taɓa komai, amma kowa da fatawarsa, kuma ba su tashi sai an sauke tukunya.

Wadda ta fi kowa gane lamarin ita ce uwargida. An ɗauke mata bahon wanki an jiƙa ƙarafa, an tare mata wurin shanya. Maganarta ɗaya ce: "Malam, garin neman gira fa ake rasa ido."

Gaskiyarta. Tazarar da ke tsakanin sanda da kusine ba ta kai kaurin gashin kai biyu ba, ido ba ya auna ta. In ba ka da ma'auni, da sifanar auna ɗauri, da wuri marar ƙura, kai wa bakanike ka biya shi haƙƙinsa. Kuɗin aikinsa bai kai kuɗin sabon inji ba.