Jakar Alhaji a Ruwan Wasai

Wanda ya bi titin da ya haɗa Gezawa da Minjibir zai ga ruwa shimfiɗe a gefensa, da kwale-kwale jefi-jefi, da masunta suna shanya koma a gaɓa. Dam ɗin Wasai ke nan, wanda a takardun gwamnati ake kira dam ɗin Jakara. A 1976 aka datse kogin Jakara a nan, cikin jerin madatsun da jihar Kano ta shiga ginawa tun zamanin Audu Bako, don noman rani da su da shayar da dabbobi. A kan wannan ruwa zan ba ku labari. Ba zan kama sunan kowa ba, mai kaya ya san kayansa.

Wani attajiri daga birni ya ji an sa wata gona a kasuwa a hayin dam ɗin. Ƙasar Minjibir ba ta da sarari. Gona na jingine da gona, gado ya yayyanka su, kowane ɗan taƙi da mai shi. Saboda haka in aka ce ga babbar gona ta fito, kuma a bakin ruwa, masu kuɗi ba sa barci. Dillali ya ce masa hanyar mota zagaye ce, ga damina ta cinye ta, gara a yi fito.

Alhaji ya iso cikin farar shadda, da direbansa, da 'yar jakar fata a hammata. Ya kuma zo da rigar kariya ta shiga ruwa, sabuwa dal. Ya ce tun abin da ya faru a Bagwai ranar 30 ga Nuwamba 2021, da kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu 'yan Islamiyya, ya ɗau alkawari ba zai hau ruwa haka siddan ba. Wannan hankali ne, babu mai ganin laifinsa. Amma mutum biyar ne za su shiga jirgin, riga kuwa ɗaya ce, kuma bai tambaya ko direba da dillali sun iya ruwa ba.

Mai jirgin dattijo ne, furfura ta gama cin gemunsa. Jikansa ɗan shekara 15 ne ke riƙe da filafili a baya. Suna tafe Alhaji yana ba dillali labarin jakarsa. Ya ce fatar daga masana'antarsa ta fito, irin wadda ake lodi zuwa Italiya, su ɗinka takalmi su dawo mana da shi da tsada. Ya ce ko shekara ta yi a ruwa ba za ta ruɓe ba.

Sun kai tsakiya sai wayarsa ta yi ƙara. Ya kai hannu aljihu, rigar kariyar nan mai kauri ta tokare masa hammata, jaka ta sulɓe. Tsundum. Makullin mota na ciki, da fasfo, da bandir-bandir na kuɗin kafin alƙalami.

Alhaji ya miƙe tsaye yana salati, jirgi ya karkata har ya ɗebi ruwa.

"Zauna, Alhaji, don girman Allah zauna," in ji dattijo. "Jaka tana da madadi."

Bai jira amsa ba ya cake gwangwalarsa cikin laka daidai inda kumfa ke tasowa. Wanda ya san ruwa ya san jirgi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kafin ka gama mamaki iska ta matsar da kai, ka koma kana lalube inda babu komai. Dattijo ya ɗaga kai ya daidaita gwangwalar da wata giginya a gabas, ya waiwaya ya daidaita ta da ƙarfen sabis da ke leƙowa ta kudu. Sannan ya ɗaura dutse a igiya, ya ɗaura jarka a ɗaya bakin, ya saka a gindin gwangwalar. Yanzu ko dare ya yi ya san inda zai dawo.

Da ƙugiya aka fara. Ya zura ta da igiya yana ja a hankali, yana sauraron hannunsa. Ta kama wani abu mai nauyi. Alhaji ya matso, fuskarsa ta washe. Da aka ɗago, dunƙulen leda ne, baƙa da fara, da ledar fiyawata, sun cuɗe da laka.

"Ba nawa ba ne," in ji Alhaji. "Sake."

Dattijo ya ajiye dunƙulen a cikin jirgi, bai mayar ruwa ba. Aka sake, ƙugiya ta fito da warin silifa da tsumman gidan sauro. Alhaji ya ce ba nasa ba ne. Dattijo ya ɗora su kan na farko.

Da ƙugiya ta gaza, ya dubi jikansa. "Ɗan nan, sai ka shiga."

Yaron ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya kama gwangwala ya bi ta ƙasa. Zurfin wurin bai wuce gaba biyu ba, amma a can ƙasa ido ba shi da amfani. Ruwan da ke sama kore ne, na ƙasa kuwa da an taɓa laka sai ya koma baƙi kamar na karofi. Mai kurme a irin wannan wuri da tafin ƙafa yake gani. Yana riƙe gwangwala da hannu ɗaya, yana shara ƙafarsa a kewaye, in ta taɓa abu ya sunkuya ya damƙo. In numfashi ya ƙare ya taso, ya huta, ya ƙara faɗin da'irar. Haɗarinsa ba kaɗan ba ne: fasasshiyar kwalba, tsohuwar ƙugiyar mamari, ko yagaggiyar koma da za ta naɗe ƙafa ta riƙe mutum a ƙasa.

Ya taso da robar lemo. Ya taso da sirinji, allurar tana jiki. Can ya jima har kakansa ya fara leƙe, sai ga shi ya ɓullo yana haki, yana ɗaga wani abu. "Fata ce, Baba! Na ji fata!"

Fata ce kuwa, amma ba jaka ba. Guntu ne, irin gefen da ake yankewa a zubar, launinsa shuɗi-shuɗi mai toka-toka. Direba ya gane shi nan take, don ya taɓa aiki a ɗakin jima kafin ya koyi tuƙi. Wannan launin na fatar da aka jeme da sinadarin kuromiyam ne, kuma shi ne sirrin rashin ruɓewar da ake ta yabo ɗazu.

Dattijo ya juya guntun a hannunsa. "Wannan fa, Alhaji?"

Alhaji ya dube shi, ya kau da kai. "Ba tawa ba ce. Masu jima ai da yawa."

Yaron ya kama gefen jirgi zai huta, ya girgiza kai don ruwa ya fita daga kunnensa. Feshin ya sami Alhaji a fuska da bayan hannu. Sai ya zabura. "Kai! Kai yaro, ba ka da hankali? Direba, miƙo ruwan roba, yi sauri!" Ya wanke fuska, ya kurkure baki, ya tofar, ya sake wankewa. "Ka san abin da ke cikin ruwan nan kuwa?"

Jirgi ya yi tsit. Yaron yana cikin ruwan har wuya.

"Wallahi ba mu sani ba, ranka ya daɗe," in ji dattijo. "Mu dai a nan muke alwala. A nan shanu ke sha, a nan yara ke wanka. Tun da kai ka sani, gaya mana."

Alhaji bai amsa ba, don haka bari in amsa. Ruwan Wasai ba daga daji yake zuwa ba, daga tsakiyar Kano yake. Jakara tana tasowa ne a cikin birni, ta bi ta gefen Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Tana tafe tana karɓar kwatamin unguwanni, ta karɓi jini da tumbi na mayanka, ta ratsa Fagge da Sabon Gari, duk wanda ya rasa inda zai zubar da shara ya miƙa mata. A mulkin Kwankwaso na biyu aka fara aikin rufe ɓangarenta na cikin birni da kankare a shimfiɗa titi a kai, wanda ake kira Wuju-Wuju. Inda aka rufe, mutanen unguwannin sun huta da gani, abin da ke gudana a ƙasa kuwa yana nan yadda yake. Da ta fita gari sai ta haɗu da Getsi, rafin da ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai. Daga nan babu wata madatsa sai Wasai, kuma aikin madatsa shi ne ta tsayar da ruwa. In ruwa ya tsaya, abin da ya ɗauko sai ya kwanta.

Masu bincike na Jami'ar Bayero da wasunsu sun sha auna wannan ruwa, da lakarsa, da kifinsa, da ganyen da ake bayi da shi, kuma sun sha samun kuromiyam da dalma da kadmiyam. Waɗannan ƙarafa ne, tafasa ba ta kashe su, wuta ba ta ƙone su. Taruwa suke a jiki sannu a hankali, su taɓa ƙoda, dalma kuma ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun yana ƙarami. Latas da kabeji da alayyafon da ake nomawa a gaɓar Jakara da Getsi, kasuwannin Kano ake kai su, har da 'Yankaba. Manoman ba mugaye ba ne. Ruwan da ya zo wucewa ta bakin gonarsu shi suke ja da injin bayi, ba su da wani.

Kada a ɗora wa masana'anta abin da ba nata ba. Tsargiyar da ke damun yaran bakin dam, har wasu ke ɗaukar fitsarin jini alamar balaga, daga katantanwar ruwa take, kuma maganinta yana asibiti. Ledar da silifar da sirinjin nan ma ba daga Bompai suka fito ba. Daga gidajenmu suka fito, ranar da hadari ya haɗo muka ce wa yara su yi maza su juye shara a kwata ruwa ya tafi da ita. Ruwa kuwa ya tafi da ita, ya kai wa wani.

Rana ta karkata kafin yaron ya taka jakar. Ta nutse a laka har rabi, sai da ya haƙa da yatsu. Ya miƙo ta, idanunsa jajur, yana susar damatsa. Alhaji ya sa direba ya karɓa ya ɗauraye da sauran ruwan roba, sannan ya zuge zif. Ya ƙirga kuɗi a nan cikin jirgi, bandir bayan bandir, kakan yaron yana kallo. Da ya ga sun cika ya yi hamdala, ya zare 'yan takardu biyu masu laima ya miƙa.

Dattijo ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Sannan ya nuna tulin da ke tsakiyar jirgi. "Sauran kayan fa, Alhaji? A sa a mota?"

"Wane kaya? Na gaya maka ba nawa ba ne, Baba."

"To. Mu ma ba namu ba ne. Gonar mahaifina tana ƙarƙashin ruwan nan, dawa muke shukawa a cikinta, ba mu taɓa shuka leda ba."

Aka ƙarasa hayi, aka zaga gona, aka yi ciniki. Abin da Alhaji ya fara tambayar dillali shi ne nawa za a haƙa rijiyar burtsatse, don ba zai shayar da mangwaronsa da ruwan dam ba. Da aka dawo gaɓa dattijo ya zaɓo manyan karfasa daga kamun safe, ya ce ga tsaraba a kai wa iyali, don baƙo ba ya komawa hannu rabbana. Alhaji ya ce an gode, a ba direba.

Yana shiga mota dattijo ya dafa ƙofar. "Alhaji, alfarma ɗaya nake nema, ba ta kuɗi ba. In ka koma, ka gaya wa 'yan'uwanka su riƙa tace ruwan nan kafin su sako mana."

"Ai wannan aikin gwamnati ne, Baba." Gilashi ya ɗaga, mota ta tashi.

A nan kam Alhaji bai faɗi daidai ba. Tun 2007 aka kafa hukumar kare muhalli ta NESREA, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin da suka shafi masaƙu da masu jima da masu takalmi, waɗanda suka ɗora wa mai masana'anta nauyin tace ruwansa kafin ya sake shi. Aikin gwamnati shi ne ta zo ta duba, ta hukunta wanda ya ƙi, kuma jama'ar Wasai suna da haƙƙin tambaya sau nawa aka zo. Injin tacewa yana cin kuɗi da man dizal, gaskiya ne. Amma kuɗin da mai masana'anta ya ƙi kashewa bai ɓace ba, wani ne ke biya, da fatarsa da ƙodarsa, kuma ba a nemi yardarsa ba.

Dattijo da jikansa suka kwashe tulin suka kai bayan gari. Da dare kakar yaron ta shafa masa man kaɗanya a inda ya sosa har ya ɗaye. Washegari da asuba ya koma ruwa, don koma ba ta jefa kanta.

Mai karatu, ban ce kai ne Alhajin ba. Amma in kana da bututun da ke kallon Getsi, ko kwatar da ke gangarawa Jakara, ko kujera a ofishin da aka ɗora wa duba su, ka ware wata Asabar ka hau motar Minjibir. Ka sauka a Wasai, ka roƙi masunta su nuna maka abin da komarsu ke fitarwa ban da kifi. Za su karɓe ka hannu biyu, kuma daga Kano tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba.