Takarda Zuwa ga Masu Surka Giyar Birtaniya

Takarda ta fito daga hannun wani mai shan shayi, wanda bai taɓa kai tambulan ɗin giya bakinsa ba, ba kuma ya da niyyar farawa, zuwa ga manyan kamfanonin giya na ƙasar Birtaniya, wato Heineken da Carlsberg da Molson Coors da Asahi da AB InBev, da duk wani mai tukunya a kan wuta a wannan sana'a. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyar iyali da ta akantocin kamfani. Bayan haka.

Labari ya iske mai takarda cewa tausayin jama'a ya kama masu girma, har sun shiga rage ƙarfin mayen giyar da suke sayarwa. Ya ga bayanan da suke fitarwa duk lokacin da aka rage, kuma kusan bakinsu ɗaya: mutanen zamani sun fi son abin sha mai sauƙi, kowa na kula da lafiyarsa, an kuma yi gwaji iri-iri an tabbatar ɗanɗano bai canza ba. Madalla. Wanda addininsa ya hana shi giya ba zai yi kuka don an tsinka ta ba. Abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami lamba ce guda ɗaya, wadda ta ƙi barin idonsa.

Carlsberg da ake dafawa a garin Northampton a da tana da ƙarfin kashi 3.8 cikin ɗari. A 2023 ta koma 3.4. John Smith's Extra Smooth ta sauko daga 3.6 zuwa 3.4 a 2024. Grolsch ta baro 4 a shekarar, ta tsaya a 3.4. Sol, mai tinƙaho da asalin Meziko, ta faɗo tun daga 4.2, Coors kuma daga 4, duka biyun a 2025, kuma ba sai an faɗi inda suka sauka ba. Foster's ta ɗan yi kunya, ta fara yada zango a 3.7 a farkon 2023, kafin Heineken ya sanar da cewa ita ma 3.4 za ta nufa daga Fabrairun 2026. Kamfanoni daban-daban, masu gaba da juna a kasuwa, kowanne da nasa masu ɗanɗano da nasa ɗakin gwaji, amma duk harshensu ya faɗa a kan lamba ɗaya. Ba a samu wanda bincikensa ya nuna masa 3.5 ba, ba a samu na 3.6 ba. Ko tagwaye ba sa yin irin wannan dace.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Ranar 1 ga Agusta 2023 sabon tsarin harajin barasa ya fara aiki a Birtaniya. Rishi Sunak ne ya gabatar da shi a kasafin kuɗin 2021 lokacin yana ministan kuɗi, ya kuma zama firaminista kafin ranar ta zo. Shi ma, kamar mai takarda, ba ya sha. Wannan bai hana shi zuwa babban bikin giya na Landan a ranar ba, ya tsaya bayan kanta yana tsiyaya wa masu ɗaukar hoto tambulan guda, wani mai mashaya kuma yana ɗaga masa murya daga cikin taro. Tsarin ya ce za a riƙa karɓar haraji gwargwadon sinadarin maye da ke cikin abin sha, amma ya ja layi: giyar da ba ta kai 3.5 ba za ta biya fam 9.27 a kan kowace lita ta zallar sinadarin, wadda ta kai 3.5 amma ba ta kai 8.5 ba kuma fam 21.01.

Mai takarda ba akanta ba ne, amma ya iya sau da rabawa. A ɗauki gwangwanin nan na mililita 440 da ya cika kantunan Ingila. A kan farashin harajin 2023, idan giyar ciki tana 3.8, Baitulmali zai karɓi kwabon Ingila wajen 35. Idan ta koma 3.4, abin da zai karɓa bai kai kwabo 14 ba. An tsira da kwabo 21 ke nan a kowane gwangwani. Abin da ya fi ba shi dariya shi ne yadda ribar ta taru a mataki ɗaya. Wanda ya sauko daga 3.6 zuwa 3.5 bai tsira da cikakken kwabo ɗaya ba. Wanda ya ƙara taku ɗaya tak, daga 3.5 zuwa 3.4, ya tsira da fiye da kwabo 18. To, a nan ne tausayin masu girma ya ga wurin zama ya shimfiɗa tabarma. Lafiyar jama'a za ta fi inganta a 3.0 ko 2.5, amma har yau ba a ga cunkoso a can ba.

Dalilin rashin cunkoson ma sananne ne. A Oktoban 2011 gwamnati ta raba haraji biyu ga giyar da ba ta wuce 2.8 ba. Shekara goma sha biyu ƙofar nan tana buɗe, ƙalilan ne suka leƙa, domin mashayin Ingila yana gane 2.8 tun daga kurɓar farko, ya ture tambulan. Da aka matso da layin zuwa inda za a iya tsallakawa ba tare da harshe ya kai ƙara ba, sai ga kowa da takalmi a hannu.

Adalci ya sa a faɗi cewa masu girma ba su karya doka ba. Gwamnati ta haƙa rijiyar da gangan don a sha, kuma likitocin da suka daɗe suna kiran a rage shan barasa ba su yi baƙin ciki ba: mutum ya sha tambulan uku kamar yadda ya saba, amma abin da ya isa hantarsa ya ragu. Haka kuma tun daga 2022 kuɗin wuta da gas da sha'ir da kwalba suka yi tashin gwauron zabo, kamfani kuwa ba gidan sadaka ba ne. Duk wannan mai takarda ya yarda. Tambayarsa ɗaya ce: kwabo 21 ɗin nan, aljihun wa ya shiga? Mashayi dai bai gan shi a rasit ba. In an tambayi kamfani sai ya ce ai mai kanti da mai mashaya ne ke yanka farashi. In an tambayi mai mashaya sai ya nuna takardar kuɗin da kamfani ya aiko masa. Mai sayar da nono da ta ƙara ruwa a ƙwarya, aƙalla ba ta cewa don lafiyar cikin mai saye ta yi, kuma in aka kama ta takan ƙara ludayi ɗaya na gyara.

Maganar ruwa kuwa ba ƙazafi ba ce. Manyan masana'antun giya sun daɗe da wata dabara: a dafa giyar da kauri, ƙarfinta ya zarce wanda za a sayar, sannan dab da zubawa a gwangwani a surka ta da ruwan da aka cire wa iska har ta sauko lambar da ake so. Haka tukunya ɗaya ke yin aikin ɗaya da rabi. Ke nan sauka daga 3.8 zuwa 3.4 ba ya bukatar sabon gini ko sabuwar tukunya, ko da yake masu dafawa sukan ɗan taɓa haɗin don kada abin ya yi salam a baki.

Da mai takarda zai yarda da zancen tausayi da zuciya ɗaya, ba don shari'ar Carling ba. Masu girma na Molson Coors za su tuna da ita, ko da ba sa son a tayar. Carling, wadda asalinta Kanada ne amma ta zama 'yar gida a Burton upon Trent, ta yi shekaru tana kan gaba a ciniki a Birtaniya, kuma jikin gwangwaninta an rubuta 4. A 2017 hukumar haraji ta ƙasar ta tsaya gaban kotun haraji tana neman wajen fam miliyan 50, tana cewa kamfanin ya biya ƙasa da abin da ya kamata tsakanin 2012 da 2015. Hujjar da kamfanin ya kare kansa da ita ita ce abin kallo. Ya ce ai giyar ba ta kai 4 ba, tun 2012 aka mai da ita wajen 3.7, saboda haka harajin 3.7 ya biya. Kotu ta ba shi gaskiya, domin haraji yana bin abin da ke cikin gwangwani ne, dokar lakabi kuma ta yarda a samu bambancin rabin kashi sama ko ƙasa a giya mai irin wannan ƙarfi. Wannan sassauci an yi shi ne saboda yis abu ne mai rai, tukunyar yau ba ta fitowa daidai da ta jiya. Kamfani mai na'urorin da ke auna ɗigo ya mai da shi wurin fakewa.

A gaban kotun ne kuma babban jami'in harajin kamfanin ya bayyana cewa rage haraji shi ne babban dalilin sauyin, kuma an bar lambar 4 a jikin gwangwani ne don kada manyan kantuna da gidajen mashaya su nemi a raba ribar da su. Mai takarda ya jinjina wa wannan bawan Allah. A duk tarihin wannan lamari, shi ne ya faɗi magana a fili, ko da yake sai da aka kai shi gaban alƙali. Shekara biyar mutane suna sha suna biya, hukuma ta san lamba ɗaya, mai saye ya san wata, kuma duka biyun halal ne a idon doka.

Stella Artois ta bi tata hanyar a hankali, ba tare da kotu ba. A Beljiyam, gidan ubanta, har yanzu 5.2 take. A Birtaniya ta sauka 5, ta koma 4.8 a 2012 tare da Budweiser da Beck's, sannan 4.6 a 2020. Carlsberg ma a Denmak 4.6 take, Grolsch kuma 5 a Holan. Da alama lafiyar ɗan Kopenhagen ba ta dami kowa ba.

Ba yau aka fara ba, kuma ba masu girma suka ƙirƙiro ba. A 1880, zamanin firaminista Gladstone, Birtaniya ta daina ɗora haraji a kan tsiron sha'ir ta mai da shi kan kaurin ruwan da ake dafa giya da shi, daga nan ƙarfin giya da kuɗin Baitulmali suka zama ɗan juma da ɗan jummai. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, minista David Lloyd George ya ce ƙasarsa na yaƙi da Jamus da Ostiriya da kuma barasa, a ganinsa ta ukun ce ma ta fi haɗari. Aka taƙaita lokutan buɗe mashaya, aka hana mutum ya saya wa abokinsa, Sarki George na Biyar ya yi alkawarin daina sha har a gama yaƙi, gwamnati ta ƙwace masana'antu da mashayun yankin Carlisle a 1916 don ma'aikatan harsashi su riƙa zuwa aiki da hankalinsu. Giyar ta tsinke har mutane suka laƙaba mata sunan gwamnati don ba'a, kuma bayan yaƙin ba ta koma kaurinta na da ba. Bambancin wancan zamani da wannan shi ne, a lokacin an fito an ce doka ce, yaƙi ne, hatsi ya yi ƙaranci. Ba wanda ya ce wa lebura shi ne ya roƙa.

Akwai kuma waɗanda suka gwada suka ƙone hannu, ya kamata masu girma su riƙa tunawa da su. A Ostireliya an rage Victoria Bitter daga 4.9 zuwa 4.8 a 2007, aka ƙara ragewa zuwa 4.6 a 2009, duk don haraji. Mashaya suka juya mata baya, ciniki ya faɗi, ta rasa matsayinta na ɗaya a ƙasar, sai ga kamfanin a 2012 ya mayar da ita 4.9 yana ba da haƙuri. A Amurka masu wuskin Maker's Mark sun sanar a Fabrairun 2013 cewa za su sauko daga 45 zuwa 42 saboda kaya sun yi ƙaranci. Surutun da ya biyo baya bai bar su sun yi mako biyu a kan maganar ba. Mashayin Ingila ya fi waɗannan haƙuri, ko kuma dai ya duba dama da hagu ya ga duk gwangwanayen da ke kan kanta 3.4 ne, ba inda zai yi fushi ya tafi.

Saboda haka mai takarda yana da 'yan roƙe-roƙe, kuma ba masu tsada ba ne. Idan an rage, a rubuta a gaban gwangwani da manyan baƙaƙe, tsohuwar lamba da sabuwa, yadda ake rubuta sabon salo ko garaɓasa, maimakon a ɓoye ta a gefe kusa da ranar lalacewa inda sai mai tabarau zai gani. A bar wa mai saye ko da kwabo biyar ne daga cikin ashirin da ɗayan nan, ya san an yi da shi. Sannan a sallami mai rubuta sanarwar nan ta lafiya da daidaita rayuwa ya huta, a ba akanta alƙalamin, tunda shi ya san dalili.

Daga ƙarshe, mai takarda ya lura cewa dokar 2023 tana da wani layin a can ƙasa: abin shan da bai wuce 1.2 ba, ba a karɓar masa harajin barasa ko kwabo. Ya san akantocin masu girma sun riga shi gani. Idan wata rana binciken masu ɗanɗano ya gano cewa jama'ar Birtaniya 1.2 suke so tun fil azal, to a aiko masa da sanarwar, zai karanta ta a teburin mai shayi.

Haza wassalam.